Inna 'Yardada Za Ta Wankan Jego Amurka

A unguwar Sheshe, idan aka ga an ɗoro wata baƙar garwa a baro an nufi wani lungu da ita, ba sai an yi tambaya ba, an san an haihu a lungun. Garwar Inna 'Yardada ce. Ita kuma tana biye a baya da ɗaurin ganyen darbejiya a hammata, tana amsa gaisuwa ba tare da ta rage sauri ba. Shekara talatin ke nan tana yi wa matan unguwar wankan jego. Safe da yamma har kwana arba'in, ta tafasa ruwa, ta sirka, ta tsoma gwiwar hannu ta ji, sannan ta hau fyaɗa wa mai jego da ganye. Wadda ta yi raki ta sha faɗa, wadda ta daure ta sha kunun kanwa. Da likitoci suka fara magana a rediyo cewa zafin ruwan yana yin yawa, kanwar ma tana yin yawa, Inna ta yi fushi na mako guda. Daga baya ta rage duka biyun, ta ce dama ita ma ta daɗe tana wannan tunanin.

A Sheshe aka haife ta, a Sheshe aka kai ta ɗaki, gida huɗu tsakani da gidan ubanta. Mijinta, Malam Abdulhakeem, zare yake sayarwa a Ƙofar Wambai har Allah ya karɓi abinsa. Sana'ar wankan kuwa a hannun surukarta ta koya, wata tsohuwa mai kaifin ido da kowa ke kira Goggo. Tafiya mafi nisa da Inna ta taɓa yi ita ce Zariya, dubiya, kuma ta dawo tana cewa ruwan garin ba ya kashe ƙishi.

'Ya'yanta biyar, amma in ka tambaye ta sai ta lissafo huɗu ta yi shiru. Wadda take tsallakewa ita ce ta fari, Nana Hauwa. Kunyar ɗan fari dai kowa ya san ta a cikin birni, sai dai ta Inna ninki biyu ce, domin sunan Goggo aka sa wa yarinyar. Tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ana yaye yarinyar Goggo ta ɗauke ta, ta girma a ɗakin kakarta, tsakar gida ɗaya da uwarta. In Inna tana son ta miƙo mata muciya sai ta ce, "Ke." In za ta yi maganarta da wani sai ta ce, "Yarinyar nan ta wajen Goggo." Ko wata Hauwa daban ce ta haihu a unguwa, Inna za ta yi mata kwana arba'in tana ce mata Kulu.

Yarinyar ta yi karatun jinya, ta auri wani malamin jami'a mai suna Zaharaddeen, aiki ya kai su Amurka, wata jiha da ake kira Minesota. Shekara takwas ba haihuwa. Inna ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Aminiyarta ce kawai, Tani mai daddawa, ta lura cewa duk ranar da aka dawo daga gidan suna sallar Inna takan yi tsawo.

Duk Juma'a Nana Hauwa takan kira ta bidiyo a wayar kawunta. A jingina wayar da tulu, Inna ta juya wa allon baya, ta fuskanci katanga ta ce a gaya wa masu ji su riƙa rufe kai in za su fita, an ce garin da sanyi. Daga cikin wayar a amsa ana danne dariya, "Masu ji sun ji, Inna."

Kawun nan shi ne Malam Isyaku, ƙanen Inna, tsohon malamin firamare. Shekara talatin da biyar yana koya wa yara labarin ƙasa, ya san sunan kogunan duniya kamar sunan 'ya'yansa, amma bai taɓa shiga jirgin sama ba. Shi Zaharaddeen ya kira wata rana a farkon damina, ya yi ta kewaye-kewaye irin na suruki, kafin ya fito da ita: an samu rabo, haihuwa watan Janairu. Likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba za ta zo gida wanka ba. Sai dai gida ya je mata.

Inna tana tankaɗe Isyaku ya kawo labarin. Ba ta ɗago ba. Ta ce Allah ya raba lafiya, da irin muryar da za ta yi wa 'yar wani ƙauye addu'a. Can ta ajiye rariya, ta jawo garwar da ta wanke jiya, ta hau dirzarta da toka.

Malam Isyaku kuwa ya ɗauki tafiyar nan kamar aikin da aka haife shi dominsa. Ya sayi sabon littafin rubutu, ya rubuta "Tafiyar Yaya" a bangon. Shafin farko fasfo, na biyu biza, na uku jirage. Ya sauko da wata tsohuwar taswira da ya taho da ita daga makaranta ranar ritaya, ya shimfiɗa a soro, ya danne kusurwoyin da takalma.

Taswirar ta zo a kan gaɓa, domin labari ya riga ya zaga unguwa, sallahu ya fara shigowa. Tani ce ta fara zuwa da ƙullin daddawa da kuka, ta ce ɗanta Nazeer yana can Amurkan, wani wuri wai shi Tezas, in Inna ta huta kwana biyu sai ta ɗan biya ta miƙa masa. Wata ta kawo turaren wuta na ƙanwarta da ke Kalifoniya. Wani dattijo ya kawo hula biyu, ya ce bai san sunan garin ba, amma ɗan nasa dogo ne, yana da wushirya, in aka tambayi Sarkin Hausawan can za a nuna shi. Inna ta karɓa duka, don a iya saninta wanda zai yi tafiya ba ya ƙin sallahu.

Isyaku ya tara su a kan taswira. Ya ɗora tafin hannu a kan Nijeriya, ya ce ƙasar nan tamu kaf, daga Sakkwato har bakin teku, sai an jera goma irinta kafin a cika Amurka. Ya tsinko zare ya auna daga Minesota zuwa garin Nazeer, ya dawo da zaren gida, ya ce kamar mutum ya tashi daga Kano ya je Legas ya dawo ne. Kalifoniya kuwa ko agogonsu ba ɗaya ba ne da na Minesota, in waɗannan sun yi azahar sai waɗancan sun jira awa biyu.

Tani ta daɗe tana kallon zaren. Ta ce, "To ai Nazeer ya ce mini suna gaisawa da Nana."

"A waya, Tani. Ni ma ina gaisawa da ita, ga ni a Sheshe."

Aka mayar wa kowa kayansa da haƙuri, ban da daddawar, wadda Isyaku ya ce in an isa ana iya aika wa Nazeer ta gidan waya. Tani ta tafi tana gunaguni cewa ƙasar da mutum ba zai iya leƙa ɗan unguwarsu ba, ina amfanin girmanta.

Shafin kaya ya fi ba da wahala. Akwati biyu aka yarda, kowanne kilo ashirin da uku. Inna ta ce garwa ce farko. Aka tura garwar a baro wajen mai sikelin hatsi, ta hau kilo goma sha tara ba komai a cikinta, kuma ba akwatin da za ta shiga. Isyaku ya kira Zaharaddeen a gabanta. Surukin ya yi bayani cikin ladabi cewa ruwan zafi daga famfo yake zuwa, kuma gidan nasu hawa na shida ne, ko albasa ta ƙone a tukunya wata ƙararrawa ce ke tashi, in ba a yi sa'a ba 'yan kwana-kwana su iso. Hura itace a can, in ji shi, sai dai a kwana hannun hukuma. Inna ta fuskanci katanga ta tambaya, to matan garin da me suke haihuwa?

Kilishin da ta yi niyya aka cire, domin ba a shiga ƙasar da nama. Ɗanyen ganye ma haka. A nan ne ta ce to an fasa, wanka ba darbejiya ai wankan salla ne. Zaharaddeen ya yi sauri ya ce akwai wani shagon Indiyawa kusa da su, suna sayar da busasshen ganyen a leda. Inna ta taɓe baki. Ba ta ji daɗi ba cewa darbejiya ta riga ta zuwa Amurka, amma ta yarda. Abin da ya rage mata shi ne ƙwarya biyu, ludayi, garin kunu, yaji, man kaɗanya da kanwa kaɗan, kowanne Isyaku ya rubuta sunansa da Turanci ya manna, don a nuna wa masu binciken kaya kafin su tambaya.

Rigar sanyi suka je nema wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, a cikin zafin nan na bayan damina. Isyaku ya ce wa mai shagon ba irin ta sanyin Kano ake so ba, irin ta garin da ruwa ke daskarewa a hanci. Mai shagon ya zaro wata jibgegiyar ja daga ƙasan dila, mai hula da gashi a baki. Aka zura wa Inna a kan hijabi, aka ja zif har haɓa, aka ƙara mata takalmi mai kama da na sojoji. Ta tsaya a tsakiyar kasuwa hannuwa a buɗe, ba ta iya sauke su, gumi yana bin goshinta. Wata mata da ta taɓa yi wa wanka ta zo wucewa, ta tsaya ta kalle ta da kyau, ta ce, "Inna, yau ke ake gasawa?" Inna ta ce a cire mata kafin ta tsine wa wani.

Duk wannan wasa ne a kan shafi na biyu. Biza ba a ba da ita sai mutum ya je Abuja da ƙafarsa, ya tsaya gaban jami'i ya amsa tambayoyi. An ba Inna rana a watan Nuwamba. Isyaku ya bi masu zuwa ƙasashen waje ya tattaro irin tambayoyin da ake yi, ya jera su da lamba, ya ce sai an yi gwaji. Ya shiga ɗakinsa na soro ya zauna a bayan taga mai ƙarafa, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya ce daga yanzu shi ba Isyaku ba ne, Bature ne. Inna ta tsaya daga waje. Tani ta kifa turmi ta zauna kallo.

Tambaya ta farko, sunanta. Ta faɗa. Ta biyu, wajen wa za ta?

"Wajen yarinyar nan ta wajen Goggo."

"Wace ce Goggo?"

"Isyaku, kai ne ba ka san Goggo ba? Tuwonta nawa ka ci?"

"Yaya, ni Bature ne. Tambaya ta uku. Yaya sunan 'yar taki?"

"Yana nan a takardarku."

Isyaku ya cire tabarau. Ya yi mata bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa 'yan aji uku. Ya ce mutanen nan kullum ɗaruruwa suke gani, wasu da takardun ƙarya, wasu da dangin aro. Matar da ta ce ita ce uwa amma aka tambaye ta sunan 'yarta ta kama kallon ƙasa, me za su ɗauka? Za su turo mata fasfonta ta ƙasan gilashi ne kawai. Kafin a sake samun wata ranar kuwa, an haihu, an yi suna, an yi arba'in, jaririn ya fara zama.

Inna ta ce ta san ranar da aka haife ta, Talata ce, ana ruwa. Ta san tabon da ke bayan kunnenta na hagu. Ta san ba ta cin kuɓewa. In Baturen yana da hankali ai wannan ya ishe shi. Tani ta goya mata baya, ta ce shekara talatin da uku mace tana riƙe da kunyarta, a kan wata 'yar takarda za a ce ta zubar a gaban ƙato?

Aka shiga neman dabara. Tani ta ce Inna ta ce "mai sunan matar Annabi Adamu." Isyaku ya ce Bature ba kacici-kacici ya zo yi ba, minti biyu yake ba kowa. Tani ta ce to a rubuta mata sunan da lalle a tafin hannu, in an tambaya ta ɗaga. Isyaku ya ce uwar da aka rubuta wa sunan 'yarta a hannu ai gara ma wadda ta yi shiru. Kwana uku ana gwaji, kullum a tambaya ta uku ake tashi, ranar ƙarshe ma Inna ta ce wa Baturen ya fito daga ɗakin in ya isa.

Isyaku ne ya samo mafita, kuma ta yi masa daɗi fiye da kowa. Tunda Yaya ba ta jin Turanci, shi zai shiga ya yi mata tafinta. In an zo wajen sai ta ce "wance," shi kuma ya juya ya faɗi sunan. Ba ta faɗa ba, Bature ya ji, kowa ya huta. Inna ta ce yanzu ta san karatunsa bai tashi a banza ba. Ya kai babbar rigarsa guga, ya yi mako guda yana zagaya soro yana maimaita Turanci.

A ƙofar ofishin jakadancin dabarar ta mutu. Masu gadi suka duba takarda suka ce mai neman biza kaɗai zai shiga, in Hausa ce akwai ma'aikaciyarsu mai ji a ciki. Isyaku ya yi musu Turancin mako guda a cikin minti ɗaya, suka saurara da ladabi, suka nuna masa wata bishiya a tsallaken titi inda 'yan rakiya ke zama. Ya karɓi 'yar ƙaramar wayar Inna, don ba a shiga da waya, ya buɗe baki zai yi mata tuni na ƙarshe. Ta riga ta shige.

Ciki sanyi kamar randa, har ta yi kewar jar rigar nan. Tagogi ne a jere da gilashi mai kauri, mutane a layi, kowa yana jin sirrin kowa. Ta ga wani mai kwat da jaka ya yi magana mai tsawo, aka turo masa fasfonsa, ya fita yana kallon silin. Ta ga wata 'yar tsohuwa ta yi magana kaɗan, ta fita tana murmushi. Ta kasa gane me ake dubawa.

Tagar da aka kira ta, wata Baturiya ce a zaune, gashinta kamar gemun masara. A gefenta wata yarinya mai hijabi ta yi sallama da Hausar Jos, ta ce ita za ta fassara. Aka tambayi Inna me za ta je yi. Ta gyara tsayuwa ta yi bayanin wankan jego tun daga ɗora ruwa har ranar arba'in, da abin da ke samun macen da ba a gasa ba. Yarinyar ta juya ta faɗi kalma biyar. Inna ta harare ta, ta ce saura fa? Aka tambaye ta ko za ta dawo. Ta ce mata uku ne a Sheshe za su haihu kafin azumi ya yi nisa, garwarta kuma tana hannun Tani, wadda ko ruwan shayi ba ta iya sirkawa. Da aka fassara, Baturiyar ta yi dariya ta rubuta wani abu.

Sannan ta ɗago ta yi tambaya gajeriya. Inna ba ta jira fassara ba, ta gane ta. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi.

Yarinyar ta dube ta, ta rage murya. "Inna, 'yar fari ce?"

Ta gyaɗa kai. "Sunan surukata ne kuma."

Yarinyar ta ɗan runtse ido, irin na wadda ita ma a gidansu akwai mai irin wannan. Ta juya ta yi wa Baturiyar bayani, wannan karon mai tsawo. Baturiyar ta ajiye biro tana saurare, tana duban Inna. Ta yi magana a hankali.

"Ta ce ta fahimta," in ji yarinyar. "Ta ce amma ita ba 'yar unguwarku ba ce, ba ta san surukar taki ba, kuma ba za ta gaya wa kowa ba. Sau ɗaya kawai take son ji daga bakinki. Ni ma zan toshe kunne."

Inna ta dubi ƙofa. Tana iya fita yanzu, ta koma Sheshe da kunyarta cif, ba wanda zai zarge ta, Tani ma har guɗa za ta yi. Sai ta hango watan Janairu. Ta hango hawa na shida, da ruwan famfo mai ɗumi-ɗumi, da yarinyar nan zaune ita kaɗai a bakin baho bayan jiran shekara takwas, ba mai riƙe mata jariri, ba mai yi mata faɗa. Matan mutane sama da ɗari uku ta gasa da hannun nan.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta matsa jikin gilashin ta faɗa. Ko ita ba ta ji ba. Baturiyar ta nuna kunnenta ta girgiza kai. Ta sake faɗa, ya fito kamar tari. Yarinyar ta ce gilashin da kauri, Inna ta ɗan ɗaga. Ran Inna ya ɓaci. Abu sau ɗaya aka ce, ga shi ana neman na uku. Ta yaye mayafin, ta saki muryar da take kiran mai ruwa da ita daga ƙarshen lungu.

"Nana Hauwa!"

Mai gadi ya waiwayo. Wani dattijo a layi ya duba bayansa ko ana neman wata. Inna ta tsaya tana huci, tana mamakin abu guda: harshenta bai yi tuntuɓe ba ko kaɗan. Ashe sunan da mutum ya shekara talatin da uku yana faɗa a zuci duk sujada, ba baƙo ba ne a baki.

Baturiyar ta yi murmushi, ta ɗauki fasfon ta jefa a wani kwando a bayanta. Inna ta ce to, ga shi nan, an sa ta ta yi abin kunya an kuma ƙwace mata takarda. Sai da yarinyar ta rantse mata cewa wanda aka riƙe wa fasfo shi aka ba, za a manna bizar a aiko, sannan ta yarda ta bar tagar.

Isyaku yana hango ta hannu ba fasfo ya miƙe, littafinsa ya faɗi. Ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Da suka kama hanyar tasha ya kasa haƙuri.

"Yaya, tambaya ta uku fa?"

"Ba a yi ta ba."

"Kowa ana yi masa ita."

"To ni ba a yi mini ba. Nemo mana mota, rana tana yi."

Ya tafi ya nemo mota. A cikin mota dai ya buɗe shafi na biyu, ya sa wa lamba ta uku alamar maki, irin wadda yake sa wa yaron da ya ci.

Ƙarshen Disamba ta tashi. Jirgi uku za ta hau, canji biyu, don haka Isyaku ya rataya mata kati a wuya mai ɗauke da sunan garin da lambar Zaharaddeen, ya kuma sa aka rubuta mata keken marasa lafiya, don masu tura keken su ne ke kai mutum ƙofar jirgi ba ɓata. Inna ta ce ƙafarta ƙalau, ba za ta yi wa Allah butulci ba. A filin jirgi na biyu, da ta ga tsawon barandar da ba ta da ƙarshe, ta zauna a keken ba tare da an roƙe ta ba. Ta yi sallolinta a zaune bisa lissafin da Isyaku ya rubuta, tana mitar ranar da ta ƙi faɗuwa.

Da la'asar aka turo ta wajen masu tarba a Minesota, cikin jar riga, ƙwaryarta a cinya don ta ƙi yarda a sa ta a akwati. Mutane ko'ina, kowa a naɗe kamar dila, ba ka gane na gida. Can nesa ta hango wata ta ba da baya, tana tafiya irin ta mai tsohon ciki, tana leƙen wata ƙofar daban, tana ƙara nisa. Ko a cikin dubu Inna ta san wannan ƙeyar. Mai tura keken ya duba katin wuyanta, ya laluba aljihu yana neman waya. Inna ba ta jira shi ba. Ta miƙe tsaye daram, har mutumin ya ja da baya. Ta cika ƙirji da iska, sunan yana nan a kan harshenta, ta riga ta san yana fita.

"Ke!"

A duk faɗin wurin mutum ɗaya ce ta juyo.

Zaharaddeen ya iso ya durƙusa a kan tayil yana gaisuwa, Turawa suna kewaye shi da akwatunansu. Nana Hauwa ta tsaya a gaban uwarta, ido ya cika da ƙwalla, baki yana rawar dariya. Ta ce, "Inna, Kawu ya ce wai a Abuja..."

Inna ta nemi katanga, ba ta kusa, sai ta fuskanci wani ginshiƙi.

"A gaya wa masu ji, kawunsu a gindin bishiya ya wuni, bai ji komai ba."

Ba ta dubi fuskarta ba. Ta dai miƙa hannu ta jawo mata ɗankwalin da ya zame, ta rufe mata kunnuwa, ta soke shi da ƙarfi a ƙarƙashin haɓa. Ta saci kallon cikin sau ɗaya, irin kallon masu sana'a, ta ga ya sauka. Ta ce wa ginshiƙin wannan ba zai kai Janairun likita ba, don haka kafin a je gida a fara biyawa da ita shagon Indiyawan nan, ta ga irin darbejiyar da suke sayar wa mutane.